Labule a Cikin Buhun Siminti

Allah ya jiƙan Mai Labule. Mu da muka zauna da ita ba mu taɓa kiranta da wani suna ba, ita ma da shi take amsa waya. Ɗaki ɗaya gare ta da ɗan falo, keken ɗinki a jikin taga, Innarta a kan katifa tana fama da ciwon ƙafa, 'yarta tana makaranta. Tun da mijinta ya rasu, labulen nan ne ke riƙe da gidan. Ba ta da shago. Kasuwarta duk tana cikin waya, a wani guruf na mata masu saye da sayarwa. Sai ta ɗinka, ta rataya a ƙofa ta ɗauki hoto, ta tura. Wadda ta so ta biya, mai babur ya kai mata.

Tana da wata dabara da muke yi mata dariya a kai. An taɓa sace mata kaya a hanya don ledar ta yi kyau, tun daga nan ta daina yi wa aike ado. Sai ta ninke labule ta sa a leda, ta cusa a tsohon buhun siminti, ta ɗaure bakin da tsumma. "Ku yi ta dariya," take cewa. "Wane ɓarawo ne zai zubar da mutuncinsa a kan wannan?"

Ranar da abin ya faru tana tsaka da ɗinki wayarta ta kama kuka ba tsayawa. Wata matar bakanike ce da ta sayi labulen falo. Ta saka hoton Mai Labule a guruf, ta biyo da murya: "Jama'a ku gane ta da kyau. Na biya tun makon jiya, ko zare ban gani ba. 'Yar damfara ce!"

Kafin ta gama saurare, shugabar guruf ta kira. "Ƙanwata, ban taɓa jin ƙararki ba, amma doka ba ta san sabo ba. In rana ta faɗi ba a ga kayan nan ba zan cire ki, kuma hotonki zai zaga sauran gurufan."

"Anti, in na mayar mata da kuɗinta fa?"

"Sai a ce don an kama ki ne."

Nan take ta kira mai babur.

"Wallahi na kai," in ji shi. "Na kira ta ba ta ɗauka ba, maƙwabta suka nuna min garejin mijinta, na ba wani a can."

"Wani wa?"

"Wani mai baƙar riga."

"Kai, bawan Allah! Akwai bakaniken da rigarsa fara ce?"

Inna ta ɗago kai. "Lafiya, 'yar nan?"

"Lafiya lau, Inna. Zare ne ya ƙare min." Ta ja mayafi ta fita, don ba ta so tsohuwar ta ga fuskarta.

Garejin yana can ƙarshen gari, bayan masu walda. Kafin ta isa inuwa ta fara tsawo. Ta tarar da tsofaffin tayoyi jibge, ƙasa ta yi baƙi da mai, ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashin wata mota.

"Malam, sannu da aiki. Ni ce mai labule."

Ya turo kansa waje, ashe mijin matar ne, ya kalle ta sama da ƙasa. "Au, ke ce kika hana ni sakat a gidana? Nan babu wanda ya ga labule. Gareji ne, ba ɗakin amarya ba."

Ba a jima ba sai ga matar, an riga an kira ta. Tun daga bakin titi ta ɗaga waya tana ɗauka. "Yau sai kin faɗa wa duniya inda kika kai kayana!" Masu walda suka ajiye aiki suka matso. Mai Labule kuwa ko a ciniki ba ta iya ɗaga murya.

Ta sunkuyar da kai, sai idonta ya faɗa kan hannun wani dattijon bakanike. Yana goge sifana da wani ƙyalle mai ruwan madara. Duk da baƙin mai, ta gane kalmasar bakin, ɗinki biyu a jere, irin wanda ita kaɗai ke ɓata lokaci a kansa.

"Baba, ina ka samo wannan?"

"Buhun tsumma ne aka kawo," ya nuna kusurwa da haɓa. "Oga ne ke sayo mana. Wannan karon kam ya samo mai laushi, Allah ya saka masa."

Ta je ta janyo buhun daga bayan batura, ta zazzage. Falle biyu suna nan lafiya a ledarsu, na ukun an cinye rabinsa da almakashi. Matar ta fara sauke waya.

"Kar ki sauke, Yaya," in ji Mai Labule. "Ɗauka ki tura inda kika tura na farko."

"Ai laifinki ne! Wa ke sa labule a buhun siminti?"

"Na yarda. Wanda aka yanka zan sake ɗinka miki, ba sai kin biya ba. Amma ki faɗa musu."

Matar ta dubi mijinta, shi kuwa ya tsura wa tayar mota ido. Rana ta yi ja a saman rufin masu walda. Da ƙyar ta danna wayar ta ce, "An ga kayan."

"Ba haka kika fara ba, Yaya. Kin kira ni da wani suna."

Dattijon ya ce, "Haba 'yata, faɗi mana, mu ne muka yi ɓarnar." Sannan matar ta sake dannawa: "Ba 'yar damfara ba ce. Ta aiko. A wajenmu aka samu kuskure."

Sai da Mai Labule ta zauna a motar haya sannan kukan ya zo mata, ta toshe baki da mayafi har gida.

Ba a cire ta ba. Wasu masu sayen ba su dawo ba, don muryar farko ta fi ta biyu nisan tafiya, wannan kuwa ya ci ta a rai ko da ba ta faɗa. Ta ci gaba da ɗinkinta har ciwon da ya ɗauke mana ita bara. Lambarta tana nan a guruf har yau. Shugabar ta ce hannunta ba zai iya goge ta ba.