Ranar da Namadi Ya Saki Batula

Duk wanda ya taɓa sauka tashar Tambuwal ya san rumfar Namadi Mai Kaset, in bai san ta da ido ba ya san ta da kunne. Tana nan gefen masu shayi, lasifika rataye bisa ƙusa, tun hantsi take aiki. Kaset kam ya daɗe da mutuwa, amma sunan ya ƙi barin mai shi. Yanzu waƙa yake tura wa mutane a waya da memori, direbobin bas da 'yan kabu-kabu su ne manyan abokan cinikinsa.

Ɗan manomi ne daga Jabo. Da ƙuruciya shi ke ba da waƙa wajen gayya, samari na amsawa, har a gama kunya ba a san an gama ba. Ya so ya zama mawaƙi, mahaifinsa ya ce a gidansu ba a yi. Sai ya nemi abin da ya fi kusa, ya sayi akwatin katako ya cika da kaset ya sauko Tambuwal. Shi ne mai naɗe zaren kaset da biro, in ya tsinke ya liƙe da jan farce. Da faifan sidi ya shigo ya koma kansa, yana hura masa iska yana gogewa da bakin riga. Babu sabon kaset ɗin da ya yi tashe a ƙasar nan da bai bi ta hannunsa ba, kuma da su yake lissafin duniya. Ka tambaye shi yaushe aka haifi 'yarsa Nasiha, sai ya ce, "Shekarar da mai koren kwalin nan yaf fito, wanda direbobi sunka yi ma layi." In ba ka san mai koren kwali ba, kai ka jiyo.

Matarsa Batula 'yar Kebbe ce, kuma waƙa ba ta dame ta ba. Takan ce lasifika ta cinye masa kunne ɗaya, ɗayan kuma ba ya jin maganar gida. Amma shekarun da kaset ya mutu, rumfa ta koma wurin kwanan awaki, man gyaɗarta da ƙulinta ne suka riƙe gidan, ba ta taɓa yi masa gori ba. Namadi ba mutum ne mai iya godiya baki da baki ba. Sai ya shiga haɗa mata waƙa a ransa, baiti yau, baiti baɗi, a hanyar gona. Bai gaya wa kowa ba.

Bara bayan kaka ya ce mata za shi Sakkwato sarin kaya. Situdiyo ya nufa. Aka sa masa abu a kunne, aka tsai da shi gaban makirfo, ya yi gyaran murya ya fi a ƙirga, sannan muryar gayya ta dawo. Mai situdiyon ya tambayi sunan waƙar, ya ce Batula.

"To, Baba, sai ka sake ta ran Juma'a."

"In sake ta?"

"Haka ake cewa yanzu. Kaset ne ke fitowa. Waƙa sakinta ake yi."

Namadi ya tsani a ce masa mutumin da. Ya karɓi kalmar ya sa aljihu tare da memorin, yana ta maimaita ta a mota har Dogon Daji.

Ran Juma'a da aka sauko daga masallaci, tasha cike, ya hau benci da sabuwar shaddarsa, ya tafa hannu.

"Jama'a, ku shaida! Yau na saki Batula!"

Ya danna maɓalli, daidai lokacin aka ɗauke wuta. Lasifika ba ta ce uffan ba, mutane ma haka. Ya ga sun yi tsit, ya ɗauka mamaki ne ya kama su, sai ya ƙara da fara'a, "Shekara da shekaru abin na raina, yau Allah ya nufa!" Ya sauko ya ɗauki galan, ya tafi neman man janareto.

Kafin ya dawo labari ya riga shi gida. Da la'asar ya shiga da murna, ya tarar an yayyafa wa murhu ruwa, ɗaki ba akwati. Maƙwabciyarsu Mu'minatu ta leƙo ta bisa katanga.

"Ta tafi Kebbe. Ai kai kac ce, gaban mutane, kana dariya. Tsofai-tsofai da kai."

Nan ya zauna bisa turmi. Mutumin da ya shekara yana sayar da kaset ɗin wa'azi ya san wannan kalma ba a wasa da ita, kuma ya faɗe ta da bakinsa, da sunan matarsa, har da neman shaidu. Bai damu da dariyar tasha ba. Abin da ya hana shi cin abinci shi ne, watakila dai da gaske auren ya mutu.

Da safe ya tashi babur ya kama hanyar Kebbe. Iyayen Batula sun rasu, ƙanenta Atu ke riƙe da gida, kuma tun ranar ɗaurin aure Atu bai taɓa raga masa ba.

"A'aha, sabon gwauro! Sannu da hanya. Wa yad dafa ma tuwo jiya?"

"Atu, don Allah bari. Ina take?"

"Wa? Wadda kas saki? Tana ciki, ta ce ko inuwarka ba ta son gani."

Aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka aika kiran limamin unguwa, dattijo mai magana a hankali. Ya zauna, ya gyara rawani.

"Faɗa min abin da kac ce, kar ka rage, kar ka ƙara."

Namadi ya faɗa. Liman ya yi salati.

"Wace Batula?"

"Ta cikin waya, Allah gafarta Malam."

"Akwai wata cikin waya?"

Atu ya faɗi gefe yana riƙe ciki. Namadi ya yi bayani tun daga hanyar gona har situdiyo. Liman ya ce shi ba ya yanke magana bisa abin da bai ji ba, a kunna. Namadi ya ajiye waya tsakiyar tabarma, ya ƙure murya. Kalangu ya fara, sannan muryarsa ta shigo:

"Batula ɗiyar Kebbe, mai man gyaɗa,
Ran da kasuwa tam mutu, ke kir riƙe gida,
Ba ki ce ma kowa ba, ni ko ban mance ba."

Atu ya daina dariya, ya shiga kallon rufin ɗaki. Babban yatsan ƙafar Liman ya soma motsi, ya lura, ya ja riga ya rufe shi. A cikin gida kuwa an daina daka.

Da waƙar ta ƙare Liman ya yi masa tambayoyi kan niyyarsa, ya juya maganar ta nan, ya juya ta can. Sannan ya ce abin da aka saki waƙa ce, ba mata ba, aure na nan daram. "Amma wagga kalma, ka bar ma yara abinsu. Nemi wata."

"Ya ce ya fidda Batula," in ji Atu.

"Wannan ta fi muni."

"To, Batula ta shiga kasuwa."

"Atu, ji tsoron Allah." Liman ya juya ga Namadi. "Abin da ya fi, a sauya ma waƙar suna, kowa shi huta."

Namadi ya buɗe baki zai ce to, sai murya ta fito daga bayan ƙyaure.

"Allah gafarta Malam, a bar sunan."

Kowa ya waiga. Ba ta fito ba, gefen mayafinta kawai ake gani.

"A bar shi yadda shike. Amma inda yat tsaya yak kunyata ni, nan za shi koma shi gyara. Bisa bencin, gaban masu shayin. Kuma ina wurin."

"Na yarda," in ji Namadi. "Wallahi na yarda."

"Kuma ba man gyaɗa kaɗai ba ne, Malam. Har da ƙuli. Ya mance ƙuli."

Juma'ar da ta zagayo haka aka yi. Tun safe ya cika janareto da mai. Batula ta zauna cikin rumfa, inda ba ta taɓa zama ba, ta sha sabon lalle, tana yi kamar ba ta san abin da ake yi ba. Ya hau benci ya yi bayani dalla-dalla, yana taka kowace kalma a hankali, sannan ya danna. Wannan karon lasifika ta yi aikinta. Mata masu fura suka yi guɗa, masu shayi suka ce a maimaita, aka maimaita.

Waƙar ba ta kai Kano ba, gaskiya. Amma daga Jabo zuwa Kebbe da wuya ka shiga bas ba ka ji ta ba, har a gidajen biki ana sa ta. Namadi ya kafa doka guda a rumfarsa, kuma ba ya ɗaga wa kowa ƙafa. Kwanan nan wani direba baƙo ya miƙo waya ta taga.

"Mai Kaset, tura min Batula."

Namadi ya sauke tabarau, ya dube shi sama da ƙasa.

"Waƙar. Ce waƙar Batula."

"To, waƙar Batula."

"Yauwa. Kawo wayar."