Lissafin da ya zaunar da mahaifina

Shekarun baya, lokacin ina digiri na biyu, aikin bincikena a kan gwiwa yake. Ana manna wa mutum wasu ɗigo masu ƙyalli a ƙafa, ya yi tafiya a gaban kyamarori, sai kwamfuta ta gina ƙwarangwal mai tsoka wai shi ne, ta lissafa nauyin da ke sauka a cikin gwiwarsa. Ba wanda ya shiga gwiwar ya auna, ƙiyasi ne. Na san haka a takarda, amma a lokacin ji nake kamar ni na ƙirƙiro abin.

Mahaifina manomin shinkafa ne a wajen Bakura, kuma ya daɗe yana kukan gwiwarsa ta dama. Da ya zo birni duba ni, sai na lallaɓa shi zuwa ɗakin gwajinmu. Ya naɗe wando yana dariya, ya yi tafiya, ya tsuguna kamar mai dashe, ya yi zaman tahiya. Da sakamako ya fito, lambar tsuguno ta tsorata ni. Ban nuna wa likita ba, ban ma nuna wa malamata da ke duba aikin ba. Na ce wa mahaifina in ya ci gaba da gona gwiwar za ta cinye, sallah ma gara ya koma yi a kujera.

Bai yi musu ba. Ya bar wa ƙanensa noman rani na shekarar, ya daina zuwa kasuwar Damri, ya sa aka kai masa farar kujerar roba ƙarshen sahu a masallaci.

Bayan wata biyar malamata ta ce in sake lissafin kowa, amma wannan karon abokina ne zai daidaita ƙwarangwal ɗin da jikin mutanen. Na tafiya bai canza sosai ba. Na tsugunon mahaifina kuwa ya faɗo kusan rabi. Na ce abokina ne ya yi kuskure, na sake da hannuna, ya ba ni lamba ta uku. Malamata ko a jikinta. Ta ce an fi gwada tsarin a kan tafiya, in gwiwa ta lanƙwashe sosai ɗan gocewar ɗigo ɗaya kan sauya komai, kuma ƙwarangwal ɗin ba na dattijon da ya shekara arba'in a fadama ba ne. Ta ce in rubuta haka, shi ne ma daɗin aikin.

Ni kam kwana uku ina ɗaukar waya ina ajiyewa. Da na kira mahaifiyata ta ce lafiya lau yake, sai dai yanzu in zai tashi sai ya dafa bango, kuma ya rage magana.

Ranar Juma'a na kama hanya. Daga Mafara zuwa gida ina ta tsara abin da zan ce, ina rushewa. Na same shi a zaure, ƙafar da na sani kamar turmi ta saki, wando na yawo a jikinta. Muka yi doguwar gaisuwa, ya tambayi karatu, ya tambayi malamai. Sannan na ce, "Baba, lissafin nan da na yi maka, ba tabbas gare shi ba."

Ya tambaya ko na'urar ce ta lalace. Na ce a'a, lafiyarta lau, ni ne na ɗora mata abin da ba ta iya ɗauka.

"To ai ni ba na'ura nib bi ba," in ji shi. "Kai nib bi."

Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Sati na gaba na kai shi wurin likitan ƙashi. Ya matsa gwiwar da hannu, ya lanƙwasa, ya duba hoto, ya tambaye shi inda ke ciwo da lokacin da yake tashi, tambayar da ni ban taɓa yi ba. Ya ce gwiwar ta ci, amma ba ta kai a zauna ba, zaman ma ya ƙara kashe tsokar. Aka ɗora shi a kan motsa jiki. Da damina ya koma gona, yana sa ido, wasu na dashe. Sujada ta dawo a hankali. Ƙarfin ƙafar dai bai koma kamar da ba.

Har yau da wannan lissafi nake cin abinci, kuma yana da amfani in an san iyakarsa. Amma duk lambar da ta fito sai na sake ta sau uku, sai kuma na tambayi mai gwiwar yadda yake ji. Mahaifina bai sake tayar da zancen ba. Ni ne dai, duk sanda na ga zai miƙe, hannuna ke riga shi kaiwa, shi kuma ya yi kamar bai gani ba.