Ranar da Aka Ɓoye Inna a Rumbu

Ina aji uku a makarantar 'yan mata aka ba mu hutun bazara, na biyo motar albasa zuwa Bodinga. Gidanmu yana can ƙarshen gari, gefen hanyar Shagari, a unguwar da masu noman lambu suka yi ta kakkafa gidaje har ta zama unguwa. Gida goma sha wani abu ne, rijiya ɗaya, masussuka ɗaya. In an yi atishawa a wannan gida sai a amsa a wancan.

Ran nan ba wanda ya tare ni. Gwaggo, yayar Baba, wadda katanga kawai ta raba gidanta da namu, ita na tarar zaune a zaure ta tokare ƙofa da ƙafa.

"Aje akwatinki nan," in ji ta. "Innarki ba ta da lahiya. Abin nan na da ba a hwaɗin sunanai. Kin ji ni? Ba a hwaɗi."

Na ce, "Agana?"

Ta kai mini duka a baki. Ban tsaya ba, na tsallake ƙafarta na shige.

Da ƙyar na gane Inna. Fuskarta ta kumbura, ƙuraje sun rufe ta har fatar ido, ɗakin kuma yana wani irin wari mai zaƙi-zaƙi da har yau ban manta ba. An shimfiɗa mata yashi an ɗora ganye a kai. Na tambayi Baba ko ba a yi musu lamba ba. Ya sunkuyar da kai. Ashe masu lamba sun zo da kaka, sun tsaga wa kowa hannu a ƙofar mai unguwa, amma suna juya baya Gwaggo ta bi gida-gida da lemun tsami da toka, ta wanke wa manya da yara wurin tas, wai kada maganin Nasara ya shiga jini. Ni a makaranta aka yi mini tawa, malama na tsaye da bulala, lambar ta kama har ta yi tabo. Duk unguwar ni kaɗai ce mai tabon.

Saboda haka ni na ɗauki jinya. Kuma saboda haka ni aka fi tsoro. In na je rijiya sai hira ta mutu. Wata maƙwabciya ta ce da ni ƙiri-ƙiri, "'Yab boko, in kinka kai mu ga duba-gari, Allah ya isa." An riga an gama magana a unguwa: ba mai faɗa. Sun ji labarin wani ƙauye wajen Shagari inda aka kwashe marasa lafiya aka kai bukkoki a daji, aka cinna wa ɗakunansu wuta. Ko gaskiya ne ko ƙari, ban sani ba. Ni ma dai ina jin tsoron bukkokin nan. Ina kuma jin tsoron numfashin Inna, wanda kullum sai ya ƙara gajarta.

Rana ta shida, da hantsi, na ji ana lugude a gidan farko na bakin hanya. Turmi ne babu komai a ciki, ƙararsa daban take. Gida na biyu ya ɗauka, na uku ya ɗauka. Alamar da suka shirya ke nan in an hango keken duba-gari, ma'aikacin En'e mai leƙa randuna da masai.

Kafin in ce wani abu Baba da maƙwabta biyu sun naɗe Inna a tabarma. Rumbunmu na ƙasa ne, bakinsa a sama, geron ciki ya yi ƙasa sosai. Suka hau tsani suka zura ta kamar dami.

Na ce, "Baba, a wannan zafin? Kashe ta za ku yi!"

"Shiga ki riƙa ta," in ji Gwaggo. "In ta yi nishi, rufe mata baki. Kwarankwatsa in kinka yi tari sai na ci mutuncinki."

Na shiga, aka kifa murfin.

Duhu, ƙaiƙayi, da zafi irin na cikin tanda. Na ɗora kanta a cinyata. Ina jin ƙurajen suna fashewa a tafin hannuna. Daga waje na ji sallamar duba-gari, na ji Baba yana ta "ranka ya daɗe", na ji an buɗe randa an rufe. Mutumin ba ya sauri. Ya tambayi ina matar gida, Gwaggo ta ce ta tafi suna Dingyaɗi. Ya ce a ba shi ruwa ya sha. Ya zauna. Har hirar kuɗin albasa suka fara.

Inna ta ce, "Ruwa." Na sa hannu na rufe mata baki, kamar yadda aka ce. Na ji leɓenta a bushe kamar ɓawon gyaɗa. Ta ɗan motsa, ta ɗan motsa, sai ta daina. Na cire hannuna na kara kunne a ƙirjinta. Akwai numfashi, amma sai na ƙirga har bakwai kafin wani ya biyo.

Ban yi wani dogon tunani ba, kada in yi ƙarya. Na miƙe na tura murfin da ka, ya faɗi ƙasa, na leƙo na ce, "Malam, ga ta nan. Agana ce. A kawo ruwa."

Ba wanda ya motsa. Duba-garin ne da kansa ya miƙo mini kwanon da ke hannunsa, yana kawar da fuska. Gwaggo ta zauna daɓas a ƙasa ta ɗora hannu a ka.

Da la'asar aka ɗauke mu zuwa wasu bukkoki a wajen gari. Shimfiɗarta da zannuwanta kawai aka ƙona, ba a taɓa ɗakin ba, amma an sa dogari a bakin unguwa, aka hana kowa kai albasa kasuwa har ta fara ruɓa. Wannan ba su yafe mini ba. Cikin mako guda aka kawo mutum huɗu daga unguwarmu, biyu ba su koma ba, ɗaya jikar Gwaggo ce. Kullum da safe Baba yakan aje mana fura a gindin wata aduwa, ya ja da baya, ya tambayi jikin Inna yana kallon wani wuri. Ni bai ce mini ko sannu ba.

Kwana ashirin da uku muka yi. Inna ta tashi, idonta na hagu ya tafi. Ranar da za mu koma ina ɗaura mata kallabi, ina tunanin da wace fuska unguwa za ta karɓe ni, sai ta kama wuyan hannuna.

"Na ji sa'adda kinka rufe min baki," in ji ta. "Na kuma ji sa'adda kinka ɗauke. Da kin ƙara kaɗan da yanzu an yi sadakar bakwai."

Na fara kuka. Ta ce, "Ke, bari. In mun isa, ki bi bayana, kada ki tanka ma kowa. Kuma kada ki gaya ma ubanki na ce komi."