Mutumin da Ya Zo Neman Littafi na Biyu

Wata rana na tsaya a rumfar Baba Mudi, mai sayar da littattafan Hausa a bakin tasha. Sauri nake yi, kamar kullum.

Akwai wani mutum a gabana. Dogo, ramamme, rigarsa ta yi masa yawa. Yana riƙe da wani tsohon littafi, bangon ya yage, takardun sun yi baƙi da hayaƙi.

Sai juya shi yake yi, ya ƙi magana.

Kun san ni da gajen haƙuri. Har na ja tsaki.

Allah Ya yafe mini wannan tsakin.

Can ya ce, "Baba, na biyun wannan nake nema."

Duk mai karanta littattafanmu ya san halinsu. Kashi-kashi ake buga su. Na ɗaya ya tsaya maka daidai inda labari ya yi daɗi, dole ka nemo na biyu.

Baba Mudi ya karɓa, ya gyara tabarau, ya tambaye shi a ina littafin ya sha wannan wahalar.

Mutumin ya zauna a kan benci. Ni ma ban san lokacin da na zauna ba.

Ya ce masu garkuwa da mutane ne suka tare motarsu a hanya. Su tara aka kora daji. Wata huɗu suka yi.

Littafin a jakar wata fasinja aka same shi. Labarin wani direba ne da motarsa ta mutu a tsakiyar sahara, ruwansa saura rabin jarka.

A kwana uku suka karance shi. A kan rabin jarkar nan kuma littafin ya ƙare.

Sai wani dattijo a cikinsu, tela ne, Malam Ilu, ya ce su kwantar da hankalinsu, ai shi ya karanta na biyu.

Kullum in sun yi taimama sun sallaci la'asar, sai ya ba su kaɗan daga ciki. Amma da sharaɗi: in mutum ɗaya ya ƙi cin abinci, ranar babu labari ga kowa.

Mutumin ya ce shi a wata na biyu ya sare. Ya ture gayan tuwon da ake ba su, ya juya baya, yana jiran mutuwa kawai.

Malam Ilu bai yi masa wa'azi ba. Shiru kawai ya yi da labarin.

Kwana biyu sauran suna roƙon mutumin ya ci abinci. A na uku ya ci. Ya ce wallahi ba don yana son rayuwa ba, so yake ya ji yadda direban nan zai yi.

Shi kuwa direban kullum sai ya kai bakin mutuwa. Kullum sai ya ɗaga hannu ya roƙi Allah, kuma sai wata 'yar ƙofa ta buɗe. Yau raɓa a kan gilashin mota. Gobe sawun raƙumi.

Saura kwana tara a sake su, zazzaɓi ya yi ajalin Malam Ilu. Ya bar direban yana hango wani abu daga nesa, bai gaya musu ko mene ne ba.

Abin da ya kawo mutumin ke nan. So yake ya san ko direban ya isa gida.

Baba Mudi ya daɗe yana kallon littafin. Sannan ya cire tabarau.

"Ɗana, shekarata talatin a wannan rumfa. Littafin nan ba a taɓa buga na biyunsa ba. Marubucin bai ƙarasa shi ba."

"To wanda Malam Ilu ya karanta fa?"

"Babu abin da ya karanta. Ɗinka muku shi yake yi kullum, don ku kai gobe."



Mutumin ya sunkuyar da kai. Na zaci kuka zai yi. Sai na ji yana cewa, "Allahu Akbar. Malam Ilu. Allahu Akbar."

Ya ɗago, ya nuna littafin rubutu da biro a kan kanta, ya ce a ba shi.

Na kasa haƙuri, na ce, "Malam, me za ka rubuta?"

Ya ce, "Ya bar direban a hanya. Ni zan kai shi gida."

Darasi:

Mutum yakan rayu da abinci, amma sai yana da dalilin jiran gobe yake iya haɗiye shi. Malam Ilu ba shi da ƙarfin kwance kowa. Ya riƙe su da salla, ya riƙe su da labari, har Allah Ya kawo mafita.

In akwai wanda ya sare a kusa da kai, kada ka cika shi da faɗa. Zauna kusa da shi, ka ba shi dalili ɗaya na kaiwa gobe.

Ku tura wa wanda kuka san ya gaji. In kun tura, ku yi wa Malam Ilu addu'a.