Baba Kora, Mai Share wa Jirgi Hanya

Kafin fasinjan farko ya shigo filin jirgin sama yana jan akwati, Baba Kora ya riga ya taka titin jirgi daga wannan kai zuwa wancan, bindigar ƙara a kafaɗa, rediyon oba-oba a ƙugu. Aikinsa korar tsuntsaye ne. Duk wanda ya ji haka ya yi dariya, bai taɓa ganin injin da ya haɗiye shirwa ba. Rana ta gasa shi, rugugin jirage ya cinye masa kunnen hagu. Abokan aiki kan tsokane shi, "Baba, ta ina za mu gaishe ka yau?" Sai ya ce, "Ta dama, na hagun ya riga ni yin ritaya."

'Yarsa tilo tana aure a wani birni na ƙasar da ke maƙwabtaka da mu. A jirgi tafiyar ba ta cika awa guda ba. A mota kuwa kwana biyu ce, ga ramuka, ga layin boda. Kullum da hantsi shi ke share wa jirgin can hanya, amma bai taɓa sa ƙafa a cikinsa ba.

Bara surukinsa ya bugo waya: haihuwa ta zo da gardama, yarinya tana ta kiran babanta. Tikiti ya fi ƙarfinsa, don haka ya shiga ofishin manajan kamfanin jirgin, ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, a taimaka mini da kujera ɗaya. Ko a tsaye ne, zan iya."

"Haba Baba, jirgi ai ba motar kasuwa ba ne. Kuma kai ma'aikacin fili ne, ba namu ba. Ka rubuto, za a duba."

Masu lodin kaya sun shaida cewa ranar kujerun baya fayau suke. Yana fitowa oba-oba ta yi ƙara: balbelu sun cika titi, jirgin ba zai tashi ba sai an kore su. Direban motar fili ya ce masa, "Baba, ƙyale su kawai, masu jirgin ma su ɗanɗana jira." Ya girgiza kai. "A'a, ɗana. Wataƙila akwai wanda ake jira can kamar ni."

Ya je ya kore su. Jirgin ya tashi ta saman kansa, sannan ya kama hanyar tasha. Yana kan layin boda waya ta sake shigowa: 'yarsa ta cika. Jaririya kawai ya tarar.

Wannan makon ya ajiye aiki. An yi jawabai, an tafa, aka miƙa masa ɗan jirgin roba a kan katako. Wallahi ko kunya ba su ji ba, kuma har yanzu abin yana ci mini rai.

Baba Kora, kai ne ka tsare rayukan mutanen da ba su san da zamanka ba. Kai ne aka hana kujera, ka ƙi ramawa a kan bayin Allah. Mun gode, Allah ya saka maka, ya jiƙan 'yarka. Matasan fili, ku ɗauki halinsa. Masu ofis kuma, in irinsa ya cire hula a gabanku, ku ɗaga kai ku dube shi.

Gobe zai tafi ganin jikarsa, ta fara tafiya. Ya riga ya kama kujera a tasha.