Titi a Cikin Kunne

"Wai ka ji? Daga yanzu duk wanda aka gani yana waya yana tuƙi, kamu ne."

"Har mu masu babur?"

"Ku ne ma a gaba. Ku da kuke cusa ta cikin hular kwano kamar masu ciwon haƙori."

"To ai ba a hannu take ba."

"Sai ka faɗa musu haka in sun tsare ka."

Daga rumfar mai faci hirar ke shigowa ta taga. Baba Sannu yana zaune a bakin gado, wayarsa a kan cinya.

Sunan nan a tasha ya samo shi. Tun yana saurayi yake haya da babur, kuma ba a taɓa ganin ya yi tsere da kowa ba. Fasinja mai sauri kan wuce shi ya hau na gaba, amma masu ciki da tsofaffi sai su tsaya jiransa ko da rana na dukansu. Da babur ɗin ya yi aure, da shi ya kai 'ya'yansa makaranta, biyu a baya ɗaya a kan tanki. Sai ido ya fara yi masa hazo. Ranar da ya ga danja ta koma masa kamar fitilar da aka rufe da tsumma, ya turo babur gida da ƙafa, ya miƙa wa ɗansa Auta makulli.

Zaman ɗaki ya nemi ya cinye shi. Auta ne ya samo dabara. Kullum in ya fita sai ya kira tsohon, ya cusa wayar cikin hula, ya bar ta a kunne. Baba Sannu ya jingina da bango, titi ya shigo masa har ɗaka: oda, kukan injin, cinikin fasinja.

"Sarƙarka ta saki, ina jin ta."

"Baba, jiya fa aka ɗaure ta."

"To wanda ya ɗaure ta ya cuce ka. Wannan ta bayanka tifa ce, ba ta hanya."

Inna, matarsa, in ta shigo da shara takan ce, "Malam, yau ina da ina muka je?" Shi kuma ya ce, "Mun kai wata asibiti, yanzu muna shataletale. Ki yi shiru, akwai cunkoso."

Washegarin hirar rumfar mai faci, da Auta ya zo gaishe shi, Autan ne ya fara ɗauko zancen dokar.

"Kada ka damu, Baba. A cikin hula take, wa zai gani?"

Tsohon ya so ya ce wani abu, amma daɗin titin ya riƙe masa baki.

Da hantsi suna tafe kamar kullum, ya ji wani ƙara-ƙara a injin da bai gane ba.

"Auta, giya ta nawa kake?"

"Na'am? Me ka ce, Baba?"

"Na ce giya..."

Sai ƙarar birki, doguwa, ta babbar mota. Wata mata ta yi salati. Wani namiji ya daka tsawa: "Kai kurma ne? Tun daga can nake maka oda!"

"Lafiya lau, Baba," in ji Auta. "Ko taɓa ni bai yi ba."

Baba Sannu ya ji odar nan. Tun daga nesa ya ji ta, sarai, ta cikin waya. Auta ne bai ji ba, don kunnen da zai ji da shi yana wurin ubansa. Ya lalubi maɓalli ya kashe wayar da kansa. Ɗakin ya yi tsit, sai tsintsiyar Inna a tsakar gida.

Da la'asar Auta ya dawo, ya durƙusa a bakin ƙofa yana ta kame-kame, wai direban ne mai ganganci.

"Miƙo hular nan," in ji tsohon.

Ya shafa cikinta, ya taɓo inda soson ya lotsa daidai girman waya. Ya daɗe yana murza wurin da babban yatsa, kamar mai son ya tayar da shi.

"Ni da na yi tuƙi, kunnena biyu na titi ne. Kai na karɓe maka ɗaya."

"Baba, zaman shirun fa? Ka san yadda ka koma kwanakin baya."

"Ka bar shi da ni," in ji Inna daga waje. "Ni ma ina da baki, ba sai injin ba."

Tsohon ya yi murmushi, ya ɗora hular a kansa. Ta yi masa yawa, ta sauko har gira.

"Daga gobe wayarka a aljihu. Ko ni na kira, kada ka ɗauka sai ka tsaya a gefe. Amma yanzu rana da saura. Auta, aro mini wata hular wurin mai faci, ka ɗauke ni mu zaga ta shataletale. A hankali."