Dattijon da Ba Ya Yarda da Ruwa

Tankar ruwa ta tsiyaye a wani titi a unguwar Hindawiyya ta Makka, ruwa ya malale kwalta, 'yan tasi na ratsawa ko gudu ba sa ragewa. Ramlatu na zaune a ƙofar shagonta na turare, sai ga wani dattijo a kan keke, dogo siriri, ƙwaurinsa duk jijiya, furfura ta cinye gemu. Yana tuƙi a natse, irin na wanda ya saba da doguwar hanya.

Yana isowa bakin ruwan ya ja birki ya sauka. Ya naɗe wando har gwiwa, ya saɓa keken a kafaɗa, ya yi bisimilla. Ba ya sakin nauyinsa sai ya lalubi ƙasa da yatsun ƙafa. Ruwan kuwa ko idon sawu bai kai ba.

Ramlatu ba ta yi dariya ba. Wannan taku ba a duwatsun Makka aka koye shi ba. A ranta tana hango shi yana saurayi a bakin Tafkin Chadi, inda kogi ke rarrabuwa cikin ciyayi, ƙasa a shimfiɗe kamar tabarma, yana tafe da bandar kifi kan siririyar hanyar da ruwa ke haɗiyewa duk damina.

"Baba, wallahi ba zurfi," ta ce. "Hau abinka ka wuce."

Ya dube ta, babu fushi a fuskarsa.

"Haka ƙanena ya ce, 'yata."

Ya ƙarasa ƙetarewa, ya sauke keken, ya tsaya yana waiwayen ruwan kamar mai jiran na bayansa ya iso.